Shin tallafin gwamnati yana rage kuɗin harajin da ake mayar wa mutum?

An daɗe ana yaɗa magana tsakanin masu biyan haraji a Amurka, har da 'yan'uwanmu da ke aiki a can, cewa kuɗin tallafin farfaɗo da tattalin arziki bashi ne, za a zare shi daga rarar harajin da ake mayar wa mutum. Wasu kuma suna cewa sai an biya haraji a kan tallafin. Tsoron yana da dalili, domin a hukumance ana kiran kuɗin biyan gaba.

Amma gaban me? Mu ɗauki tallafin 2008, wanda ya kai dala 600 ga mutum ɗaya, 1,200 ga ma'aurata, da ƙarin 300 kan kowane yaro. Doka ce ta ƙirƙiro sabon rangwamen haraji na shekarar, aka biya shi tun kafin lokacin cike takardu. Ƙari ne a kan haƙƙin mutum, kuma ba a lissafa shi cikin kuɗin shiga. Wanda aka ba ƙasa da abin da ya cancanta ya nemi cikon a fom ɗinsa, wanda aka ba fiye kuwa ba a ce ya mayar ba.

Inda ake samun ragi shi ne idan mutum ya sake neman abin da ya riga ya karɓa, ko ana bin sa tsohon bashin haraji.

Dubawa ba wuya. Ku ajiye takardar sanarwar biyan kusa da fom 1040, wato takardar cike harajin mutum, na shekarar tallafin, ku kwatanta adadin da layin rangwamen. Idan an taɓa kuɗinku, hukumar haraji tana aiko da wasiƙa mai ɗauke da dalili.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa da ke can.