Laba, kilo da niyuton: ga amsoshin, don Allah a daina maimaitawa

Laba ɗaya ta ƙarfi niyuton nawa ce?

4.448. Niyuton dai shi ne ma'aunin ƙarfi a kimiyya. In komawa baya za ka yi, niyuton ɗaya laba 0.2248 ne. Rubuta a bangon littafinka.

Ai laba awon sikeli ce, me ya haɗa ta da ƙarfi?

Suna ɗaya, abu biyu. Wadda ake rubutawa lb tana auna yawan abu, kuma tun yarjejeniyar 1959 aka tsayar da ita a kilo 0.45359237. Wadda ake rubutawa lbf ita ce ƙarfin da ƙasa ke jan wannan abin da shi. Ninka 0.45359237 da 9.80665, wato yawan niyuton da ƙasa ke jan kilo ɗaya da shi, ka ga ko 4.448 ba za ta fito ba. Babu wani siddabaru a ciki.

Kilo na ƙarfi, wato kgf fa?

Niyuton 9.80665.

Zan iya cewa 10 kawai?

A lissafin da ake yi da ka, faɗi abinka, kuskuren kusan kashi 2 ne cikin ɗari. A jarrabawa ko zanen gini, kul.

An rubuta tan 2 a jikin sarƙata. Niyuton nawa za ta ɗauka?

To, wannan sai an zauna. Wane tan? Na Amurka laba 2,000 ne, kusan niyuton 8,900. Na Ingila laba 2,240, kusan 9,960. Na kilo dubu kuwa 9,807. Ka ga tan 2 zai iya zama 17,800, zai iya kai 19,900, ya danganta da inda aka ƙera ta. In ba a fayyace ba, ni ƙaramin nake ɗauka. Sannan lambar nan, iyakar kayan da aka yarda ka rataya ce, ko kuwa inda sarƙar ke tsinkewa? Tsakaninsu akwai rata babba, galibi ninki huɗu ko fiye, gwargwadon irin sarƙar. Kuma duk wannan lissafi na kayan da ke rataye shiru ne. Da an fizga, ko kaya ya zame ya tsaya farat ɗaya, ƙarfin ya wuce abin da ka lissafa. Sarƙar ma in ta yi tsatsa ko wani zobe ya miƙe, lambar jikinta ta zama tarihi. Ka nemi takardar masu ƙera ta kafin ka bar mutum ya tsaya a ƙarƙashin kaya.

Shin wannan ruɗani ya taɓa jawo asara?

A 1999 hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta rasa kumbonta sukutum a duniyar Mars, saboda wata manhaja tana fitar da lambobi da laba, wadda ke karɓa tana ɗaukarsu niyuton ne. Injiniyoyi ne fa. Don haka in ka rikice, ba kai ka fara ba.

In na bar wa waya lissafin, ba zan huta ba?

Za ka huta, amma duba ko lb ka danna ko lbf.