Muhawara kan musabbabin ta'addanci da sunan Musulunci

Wannan muhawara saɓani ce tsakanin masana da 'yan siyasa kan abin da ke ingiza ƙungiyoyi irin su Alƙa'ida da Boko Haram zuwa zubar da jini. Ta yi ƙamari bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, wanda ya ci rayuka kusan 3,000.

Wasu na ganin ƙiyayya ce ga tsarin rayuwar Turawan Yamma: dimokuraɗiyya, 'yancin faɗin albarkacin baki da raba addini da mulki. Matsayin Shugaban Amurka na lokacin, George Bush, ke nan a jawabinsa na 20 ga Satumba 2001. Sukan kafa hujja da Sayyid Ƙuɗub na Masar, marubucin da ra'ayinsa ya yi tasiri ga irin waɗannan ƙungiyoyi, wanda ya zauna a Amurka daga 1948 zuwa 1950, ya koma gida yana sukar rayuwar can.

Wasu kuwa sun ce siyasa ce. Robert Pape na Jami'ar Chicago ya bi diddigin hare-haren ƙunar baƙin wake 315 daga 1980 zuwa 2003, ya ce akasarinsu martani ne ga zaman sojojin da maharan ke ɗauka 'yan mamaya. Waɗanda suka fi kai harin a lissafinsa su ne mayaƙan Tamil na Sri Lanka, kuma ba Musulmi ba ne.

A ƙasar Hausa, fassarar farko ba ta gamsarwa ita kaɗai. Gaskiya ne Muhammad Yusuf, wanda ya kafa Boko Haram, ya haramta karatun boko da aikin gwamnati, amma malaman Musulunci ne suka fara tare shi da hujja, cikinsu har da Shaikh Ja'afar Mahmud Adam, haifaffen Daura. Kuma mutum fiye da 100 da aka kashe a Babban Masallacin Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014 masallata ne da suka je Juma'a. Abin da ya halatta jininsu a idon maharan shi ne aƙidar kafirta duk wanda bai bi su ba.

Jihar Katsina ta ga wata fuskar. Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga a kan babura suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta kimiyya da ke Ƙanƙara, suka kora su daji a ƙasa. Abubakar Shekau, shugaban Boko Haram a lokacin, ya fito a saƙon murya ya ce aikinsu ne don yaƙar boko, gwamnatin jihar ta ce 'yan fashin daji ne, kuma da su aka yi sulhu aka sako yaran ranar 17 ga watan.