Edale da Tsaunukan da Ke Kewaye da Shi

Edale ƙaramin ƙauye ne a gundumar Derbyshire ta ƙasar Ingila, a cikin gandun Peak District. Yana kwance a kwarin kogin Noe, tsakanin biranen Manchester da Sheffield. Mazaunansa ba su kai 400 ba, amma a ranar Asabar ɗin da gari ya yi kyau baƙi sukan rinjayi 'yan gari, kowa da jaka a baya da takalmin hawan dutse. Abin da ke kawo su tsaunuka ne: Kinder Scout daga arewa, sai dogon tudun da ya haɗa Mam Tor da Lose Hill daga kudu.

Asalin ƙauyen

Edale tarin unguwanni biyar ne a warwatse cikin kwarin: Upper Booth, Barber Booth, Grindsbrook Booth, Ollerbrook Booth da Nether Booth. Kalmar da ke ƙarshen kowane suna tana nufin bukkar makiyayi, domin mashekarin masu kiwon shanu ne tun zamanin da yankin yake dajin farautar sarakunan Ingila. A Grindsbrook Booth coci da makaranta suke, shi ne kuma baƙi suke kira Edale. Jirgin ƙasa ya fara tsayawa a nan a 1894, kuma tun daga lokacin ma'aikacin masana'anta yake iya barin hayaƙin birni da safe, ya wuni a kan tsauni, ya kwana a gidansa.

Kinder Scout

Tsayinsa mita 636, kuma babu wurin da ya fi shi tudu a duk Derbyshire. Ba shi da tsinin ƙololuwa. Samansa faffaɗan fili ne marar itace, wanda baƙar ƙasa mai laushi ta lulluɓe. Wannan ƙasa ruɓaɓɓun tsirrai ne da suka taru cikin dubban shekaru a wurin da ruwa ba ya tsanewa, kuma kaurinta yana ƙaruwa da kusan milimita 1 kawai a shekara. Ruwan sama ya tsattsaga ta, ya bar kwazazzabai da wasunsu suka fi tsayin mutum zurfi. Wanda ya shiga tsakiyar filin zai yi ta gangara da hawa, taɓo na kama masa ƙafa, ba tare da wata alama a gabansa ba. Shi ya sa yawancin masu tafiya suke bin gefen filin, inda ƙasa ta fi ƙarfi kuma ana hango kwari. A nan ne iska da ƙanƙara suka sassaƙa duwatsu suka ba su siffofi iri-iri, kamar tarin da ake kira Woolpacks da kuma Noe Stool.

Hanyoyi biyu ne suka fi shahara daga ƙauyen. Ɗaya ta bi rafin Grindsbrook, tana ƙara tsanani har a ƙarshe sai an sa hannu a kama dutse. Ɗayar ta bi ta Upper Booth zuwa Jacob's Ladder, matakalar dutse a kan tsohuwar hanyar fatake masu dawakin kaya. Ana cewa wani manomi mai suna Jacob Marshall ne ya fara sara matakan a ƙarni na 18. Daga can sai Kinder Low, mai mita 633, sannan Kinder Downfall, inda ruwa yake faɗowa daga tsayin kusan mita 30. Idan iskar yamma ta yi ƙarfi takan mayar da ruwan sama, ya tashi kamar hayaƙi, a hango shi daga nesa.

Mam Tor da dogon tudu

Gefen kudu ya fi sauƙi, har iyaye suna zuwa da yara. Mam Tor yana da mita 517, kuma a kansa akwai sauran ganuwar wani tsohon gari da aka zauna kimanin shekaru 3,000 da suka wuce. Ana yi masa laƙabi da dutse mai makyarkyata saboda gefensa na gabas ba ya daina zaftarewa: jikinsa jere ne na dutsen yashi da wani dutse mai taushi da ke marmashewa idan ya sha ruwa. An yi ta gyaran titin A625 da ya ratsa ƙarƙashinsa har aka haƙura aka rufe shi a 1979. Kwaltar tana nan a kakkarye.

Daga Mam Tor hanya ta miƙe a kan ƙashin tudu kusan kilomita 3, ta bi ta Hollins Cross da Back Tor zuwa Lose Hill mai mita 476. Hollins Cross ne mashigin da ya fi ƙasa. Kafin Edale ya samu maƙabartarsa, ta nan ake ƙetarewa da gawa zuwa kwarin da ke wancan gefen. Ta nan kuma a da matan Castleton, ƙauyen da ke wancan kwarin, suke takowa zuwa masaƙar auduga ta Edale, su koma da yamma, rani da sanyi.

Yadda aka samu izinin hawa

Mai hawa Kinder Scout a yau zai iya ɗauka cewa haka abin yake tun fil azal, alhali a farkon ƙarni na 20 masu ƙasa ne suka killace samansa domin harbin wani tsuntsu dangin fakara, wanda ake buɗe farautarsa ranar 12 ga Agusta kowace shekara. 'Yan kwanaki ake harbin, amma masu gadi da sanduna suna korar mutane shekara zagaye.

Ranar 24 ga Afrilu 1932, kimanin mutum 400, yawancinsu matasa ma'aikata daga Manchester, suka taru a wani wurin fasa dutse kusa da Hayfield, ta yammacin tsaunin. Benny Rothman, ɗan shekara 20, ya yi musu jawabi, suka haura ta kwazazzabon William Clough. An yi 'yar hatsaniya da masu gadi, sannan suka haɗu da wani ayari na mutanen Sheffield da ya hawo ta Edale. Da suka sauko 'yan sanda suka kama shida. An ɗaure biyar daga wata 2 zuwa wata 6, Rothman ya samu wata 4.

Masana tarihi suna da saɓani kan nauyin wannan rana. Manyan ƙungiyoyin masu yawo na lokacin ba su goyi bayanta ba, suna ganin za ta ɓata lallamar da suka daɗe suna yi da masu ƙasa. Sai dai tsananin hukuncin ya jawo tausayin jama'a, kuma da wuya a ce bai sauya yanayin muhawarar ba. A 1949 majalisa ta yi dokar kafa gandayen ƙasa, a 1951 Peak District ya zama na farko a Birtaniya. Ƙungiyar National Trust, mai kula da filaye da wuraren tarihi, ta sayi babban ɓangaren Kinder a 1982. Cikakken haƙƙin yawo a irin wannan fili bai zama doka ba sai a 2000, shekaru 68 bayan hawan. A 2002, wajen bikin cika shekara 70, Duke na Devonshire na 11, basarake daga cikin manyan masu ƙasa a yankin, ya fito fili ya nemi afuwa kan abin da aka yi a zamanin kakansa.

Daga Edale ne kuma Pennine Way take farawa, hanyar ƙafa mai mil 268 da ta ƙare a Kirk Yetholm cikin Scotland. Ɗan jarida Tom Stephenson ya kawo shawararta a 1935, aka buɗe ta ranar 24 ga Afrilu 1965.

Lalacewa da farfaɗowa

Hayaƙin kwal na masana'antun da ke kewaye ya kashe gansakukar da ke riƙe ruwa a saman Kinder. Gobara da yawan kiwon tumaki da sawun mutane suka ƙarasa sauran, har wasu wurare suka koma baƙin fako, ruwa yana kwashe ƙasar zuwa madatsun ruwan sha. Tun 2003 haɗin gwiwar Moors for the Future, mai mazauni a Edale, yake aikin gyara: a toshe kwazazzabai da ƙananan shinge na dutse ko katako don ruwa ya tsaya, a baza farar ƙasa da iri, a sake dasa gansakuka da hannu. An shimfiɗa faifan duwatsu a hanyoyin da aka fi bi, yawancinsu daga rusassun masaƙu aka kwaso su. Wanda ya san wurin shekaru 30 baya zai ga kore a inda ya bar baƙi. A watan Agusta wani gajeren tsiro yakan yi fure mai ruwan shanshanbale ya rufe gangaren, a hunturu kuma zomon tsauni yakan rikiɗe ya koma fari.

Haɗari

Ƙarancin tsayin waɗannan tsaunuka yana ruɗar baƙo. Ana iya barin ƙauye da rana, a iske hazo a sama wanda ba a ganin abin da ke gaba da taku goma, ga iska mai ratsa jiƙaƙƙen kaya. A watan Maris na 1964 matasa uku 'yan sikawut suka mutu da sanyi a gasar tafiya ta Four Inns, a tsaunukan da ke arewa da Kinder, abin da ya sa aka tsara aikin ceto na yankin a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Masu ceton 'yan sa kai ne. Ana samunsu ta lambar 999: a nemi 'yan sanda, sannan a ce masu ceton tsauni ake buƙata. Shawararsu ba ta sauyawa: taswirar takarda da kamfas da sanin amfani da su, rigar ruwa, tocila, guzuri, da sanar da wani hanyar da za a bi da lokacin dawowa, domin waya takan rasa sabis a cikin kwazazzabai. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma.