Ba Kowane Likitan Ƙashi Ne Ke Aikin Ƙashin Baya Ba

An daɗe ana ɗauka cewa duk likitan da ke gyara karaya zai iya yi wa ƙashin baya aiki, wai ai ƙashi ƙashi ne. Ba haka ba ne. Ta cikin ƙashin baya laka ta ratsa, daga nan kuma jijiyoyin ƙafafu da na mafitsara suke fitowa. Kuskure kaɗan a wurin na iya barin mutum yana jan ƙafa.

Likitocin tiyatar ƙashi da na tiyatar ƙwaƙwalwa duk suna wannan aiki. Abin dubawa shi ne ko likitan ya ƙaro horo na musamman kan ƙashin baya, yawanci na shekara 1 zuwa 2. Ka tambaye shi kai tsaye sau nawa yake irin aikin a shekara, ka kuma tabbatar yana da rajista da hukumar likitoci. Wannan tambaya ba rashin kunya ba ce, jikinka ne.

Ƙwararre ba ya gaggawar yanka, don yawancin zamewar faifan baya, wato guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, kan lafa cikin mako 6 zuwa 12. Amma in fitsari ya fara kuɓuce maka, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu, a ranar ka tafi asibiti.