Daga 'Yar Gusau zuwa faliyatif: hannu nawa buhu ke bi kafin ya kai tukunya a Zamfara

A ƙasar Katsina akwai yunwar da dattawa suka laƙaba wa sunan garinmu. 'Yar Gusau suke ce mata, ta 1942, lokacin da damina ta gaza, Turawa kuma suna kwasar hatsi saboda sojojin yaƙin duniya na biyu da leburorin haƙar kuza a Jos. Gusau aka riƙa dosa neman abin da za a ci. Jirgin ƙasa ya riga ya ratsa garin har Ƙauran Namoda tun 1929, ƙasar Zamfara kuwa ƙasar gero ce da dawa. Wanda ya san wannan tarihi, in ya ga tirela ta shigo Gusau yau ɗauke da buhunan tallafi, mata sun yi layi tun asuba a harabar makarantar firamare, dole zuciyarsa ta sosu. Jihar da ke kirari da noma ita ake kawo wa abinci.

Kafin a san wata hukuma, akwai tsarin da ke riƙe da mutane. Magidanci ba ya buɗe sabon rumbu sai tsohon ya ƙare. Da kaka manomi yana fitar da zakkar amfanin gona, ushiri in ruwan sama ya shayar, rabin ushiri in ban ruwa aka yi, kuma ba ya bukatar takarda kafin ya san gidan marayu ko gidan tsohon da ƙarfinsa ya ƙare. Akwai ciyayya tsakanin maƙwabta, akwai rancen dami da ake biya bayan girbi, akwai rumbun sarki da na attajiri da ake sa ran buɗewa in abu ya yi tsanani. Ba na cewa wannan tsari ya hana mutuwa. Yunwar Kakalaba ta 1914 ta ci rayuka masu yawa a ƙasar Hausa, rancen dami kuma ya sha jefa talaka cikin bashin da ba ya fita. Sai dai yana da abu guda da duk tsarin da ya biyo baya yake ta nema har yau: mai bayarwa ya san mai karɓa, ya san mutum nawa ke ci a tukunyarsa.

Farin 1972 zuwa 1974 ne ya nuna cewa rumbun unguwa ba zai iya da fari mai cin ƙasashe ba. Bayansa, a 1976, gwamnatin soja ta kafa hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wadda a 1999 aka sake wa tsari ta zama NEMA. An bukaci kowace jiha ta kafa tata, a Zamfara ita ce ZEMA, sannan kwamiti a kowace ƙaramar hukuma. Tun daga nan buhu ya fara doguwar tafiya: daga rumbun gwamnatin tarayya zuwa sito na jiha, daga jiha zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, daga can zuwa kansila ko dagaci, sai mai unguwa, sai gida. Abuja ba ta san gidan kowa a Bukkuyum ba, don haka ba makawa sai ta ba wani ya kai.

Wannan tsari ya fi dacewa ne da gobara da ambaliya. Bala'i ne mai rana, wanda ya shafa a bayyane yake, kuma yana da ƙarshe. Da ruwan dam ɗin Goronyo ya malale ƙauyukan Sakkwato da Kebbi a 2010, ko da ambaliyar 2020 ta shanye gonakin shinkafa a fadamun Argungu da Birnin Kebbi har zuwa Yauri, ana iya tsayawa a bakin gona a ƙirga asara, a kawo shinkafa da tabarma da kwanon rufi, ruwa ya janye, manomi ya koma noman rani. An yi ƙorafin jinkiri da son kai, amma aƙalla an san abin da ake aunawa.

Zamfara ta ƙara wata kafa tata. Bayan da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da shari'a, aka fara aiki da ita a farkon 2000, an kafa hukumar zakka da waƙafi, da kwamitoci a masarautu da gundumomi. Tunani ne mai kyau, domin ya ɗauko abin da mutane suka riga suka yarda da shi ya ba shi ofis. Amma zakkar hatsi daga gona take fitowa. Ranar da manomi ya kasa zuwa gona, mai fitar da zakka shi ya koma mai karɓa.

Ranar kuwa ta zo. Daga wajajen 2011 satar shanu ta rikiɗe ta zama kisa da ƙone ƙauyuka. Harin 'Yar Galadima a ƙaramar hukumar Maru, a Afrilun 2014, ya ci fiye da mutum ɗari, bayansa kuma abin ya bazu zuwa Zurmi, Shinkafi, Birnin Magaji, Anka, Maradun da Tsafe, ya tsallaka ƙasar Zuru a Kebbi. 'Yan bindiga suna ƙone rumbu, suna ɗora wa gari haraji kafin a yi shuka, su sake ɗora wani kafin a yi girbi. Kuɗin fansar mutum ɗaya yakan cinye shanun huɗa da gona da hatsin shekara na zuri'a guda. A Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai da abinci. Ko me mutum zai ce game da amfanin matakin ta fuskar tsaro, talakan da ke sayar da akuya ranar kasuwa ya auno tiya biyu ya ji a jikinsa. Wannan yunwa ba ta jiran kaka ta wuce, domin kakar ma ba ta zuwa wa wanda bai yi shuka ba.

A nan ne bambancinmu da arewa maso gabas ya fito. Shirin agajin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke tsarawa kowace shekara ta nemi kuɗinsa, jihohi uku ya tsaya a kai: Borno, Adamawa da Yobe. A can akwai teburin da ƙungiyoyi ke zama su raba aiki, wannan ya ɗauki gari kaza, wancan ya ɗauki sansani kaza. Arewa maso yamma ta daɗe a wajen wannan shiri. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda gubar dalma ta kawo ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 lokacin da yara kusan 400 suka rasu, ta zauna ta koma jinyar tamowa, kuma ta sha kokawa a fili kan wannan wariya. Gwajin da ta yi tare da ma'aikatar lafiya a Shinkafi da Zurmi a 2024 ya nuna yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. UNICEF na kawo abincin tamowa ta ofishinta na Sakkwato. Amma abincin tamowa magani ne na yaron da ya riga ya faɗi. Uwar da aka sallamo daga asibiti gidan da babu hatsi take komawa, kuma ba abin mamaki ba ne ta raba ƙunshin yaro ɗaya wa 'ya'ya huɗu. Ni ban ga laifinta ba.

Sai annobar korona ta koya wa ƙasa baki ɗaya darasin da mu muka riga muka sani. A 2020 Shugaba Buhari ya ba da umarnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan gwamnati, ta hannun ma'aikatar jin ƙai da aka kafa a 2019, wadda 'yar Zurmi, Sadiya Umar Farouq, ke riƙe da ita a lokacin. Gamayyar attajirai da bankuna ta CACOVID ta sayi abinci na biliyoyin naira ta damƙa wa gwamnatocin jihohi su raba. A Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa sito-sito a Legas da Jos da Kaduna da wasu garuruwa, aka ga kaya jibge watanni bayan an ɗage kulle. Gwamnoni sun ba da hujjojinsu. Abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne abinci na nan, tsakanin sito da tukunya ne ya maƙale. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a Yuli, aka ware wa kowace jiha naira biliyan 5 a Agusta, aka sake umarnin fitar da tan 42,000 a farkon 2024, kalmar faliyatif, wato tallafin rage raɗaɗi, ta shiga bakin kowa har tsohuwa a ƙauye. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin rabo ya san ba a kan buhu ake faɗa ba, a kan takardar sunaye ake yi. Na taɓa taimaka wa wata ƙungiya rabon masara a wata unguwa a Gusau. An aiko mana da sunaye daga sama, muka yi ta kira, wasu ba wanda ya san su, wasu gida ɗaya ne aka rubuta sau uku. A bakin ƙofa kuwa ga wata dattijuwa da jikoki, an kashe ɗanta a ƙauye, ta ce mini: “Ɗana, ni ba a rubuta ni ba, amma nan nake kwana.” Ban iya yi mata komai ba a ranar, kuma har yau abin na damuna.

Rashin sunanta ba sakaci ba ne na mutum ɗaya. Rajistar talakawa ta ƙasa, wadda aka fara haɗawa tun 2016 da tallafin Bankin Duniya, a ƙauye ake yin ta, jama'ar gari su zauna su nuna gidajen da suka fi rauni. Hanya ce mai ma'ana in gari na zaune. To wanda aka rubuta a ƙauyen da yanzu ya zama kufai fa? Galibin 'yan gudun hijirar Zamfara ba a sansani suke ba. Suna cikin kangaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba, da tashoshin mota, mafi yawa kuma a gidajen 'yan uwa a Gusau da Anka da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara. Kansilan mazaɓar da suka sauka ba ya lissafa su cikin mutanensa tunda ba nan suke zaɓe ba, kansilan garinsu kuma shi ma wataƙila gudun hijirar yake. In aka damƙa rabo a hannun ɗan siyasa, ko da mutumin kirki ne, takardar da ke aljihunsa ta magoya baya ce.

Shi ya sa nake ganin zaɓen wanda za a ba amanar rabo ya fi yawan buhunan muhimmanci. 'Yan agajin Izala da na Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam suna da horon tsare layi, suna kuma cikin kowace unguwa. Red Cross na da ma'aikatan sa-kai da suka saba rubuta gida-gida. Matan ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da malaman islamiyya na matan aure suna shiga inda namiji ba ya shiga, su suka san bazawarar da kunya ba za ta bar ta ta tsaya layi ba. Mai unguwa ya san baƙon da ya sauka jiya. Kowannensu yana da makantarsa: ƙungiyar addini na iya fifita 'yan masallacinta, mai unguwa na iya fifita danginsa. Inda na ga abin ya yi kyau, haɗa su aka yi a kwamiti ɗaya, aka bi gida-gida kafin kaya su iso, aka karanta sunaye a bainar jama'a don mai ƙorafi ya yi magana, aka ba kowane gida kati da ranar zuwansa, aka kuma faɗa wa kowa tiya nawa ne rabonsa tun kafin ya zo. Wanda ya san tiya goma zai karɓa, ba a ba shi shida ya yi godiya. Taron da ba kati ba tsari kuwa, mun ga ƙarshensa a Disamban 2024, lokacin da turmutsutsun rabon abinci a Ibadan da Abuja da Okija ya kashe fiye da mutum 60 cikin mako guda.

Akwai kuma abin da masu bayarwa ba sa son ji. Buhu ba ya tafiya da ƙafarsa. Akwai kuɗin mota, kuɗin 'yan dako, hayar sito, ga hanya irin ta Ɗansadau da sau da yawa sai da rakiyar sojoji ake bin ta. In aka ba ƙaramar ƙungiya buhu ɗari biyar ba a ba ta ko sisin dako ba, ɗayan biyu za a yi: ko ta raba a cikin gari inda ya fi sauƙi, ko ta sayar da wani abu daga kayan ta biya mota. Daga nan ake fara ganin buhun tallafi a kasuwa, a kira kowa ɓarawo, alhali wani ɓarawon ne, wani kuwa tsarin ne ya tura shi. Tura kuɗi ta waya ko kati yana rage wannan wahala inda kasuwa ke ci kuma akwai sabis. A garin da aka datse wa hanya, kuɗi ba ya zama tuwo.

Lokacin rabo ma abin dubawa ne. Mafi yawan rabon gwamnati da na attajirai da azumi ake yinsa, kamar buhu miliyan ɗaya na shinkafa da gidauniyar Dangote ta raba a ƙananan hukumomi 774 a 2024. Alheri ne, Allah ya ba da lada. Sai dai azumi na zagayawa, yunwar manomi kuwa wurinta ɗaya: daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya koma ƙasa, gero bai nuna ba, ana haɗa tafasa da ƙuli-ƙuli a kwana. A 2024 da 2025 azumi a Maris ya faɗo. Kuma a Maris ɗin ne kowace shekara binciken Cadre Harmonisé, da ma'aikatar noma ta tarayya ke yi tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, yake fitar da hasashen ƙananan hukumomin da za su shiga matsi da damina. Wata uku cif ake da su na sayen hatsi da kai shi kusa kafin ruwa ya ɓata hanya.

Daga farkon 2025 Amurka ta zaftare tallafin da take bayarwa a duniya, har Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa kayanta na arewa maso gabas sun kusa ƙarewa. In Borno da ke cikin shirin ta ji jiki, Zamfara da ke wajensa ba ta da dalilin jiran jirgi daga waje. Nauyin ya dawo kan gwamnatin jiha, da hukumar zakka, da ƙungiyoyin cikin gida, da kuma wanda ya ɗauke shi tun ranar farko ba tare da an rubuta shi a ko'ina ba: magidancin da ke da mutum takwas a gida, dare ɗaya suka zama ashirin saboda ƙaninsa ya gudo da iyalinsa daga ƙauye. In masu tantancewa sun zo, baƙin suke rubutawa, in ma sun rubuta. Shi mai gidan, da ya sayar da tunkiyar matarsa ya ciyar da su wata shida, ana ganinsa da rufin kwano da ƙofar ƙarfe, a wuce gidan gaba.