Waƙoƙin zambo na Ingila a falle ɗaya: gane shekarunsu da adana su

Wace irin takarda ce wannan?

Falle ɗaya ce, bugu a fuska ɗaya, bayanta fari. A ƙarni na 17 da na 18 'yan talla na sayar da ita kwabo ɗaya a titunan Landan, ana yi wa sarki, ministoci da limaman coci zambo a ciki. Ba don ajiya aka yi ta ba, shi ya sa kaɗan suka tsira. Samuel Pepys, wani jami'in gwamnatin Ingila na ƙarni na 17, ya tara kusan 1,800, suna Kwalejin Magdalene a Kambirij.

Me ya sa ba a cika ganin sunan mawaƙin ba?

Tsoron hukunci. A 1703 an sa marubuci Daniel Defoe a turu a bainar jama'a saboda rubutun zambo. Wanda aka yi wa zambon ma harafin farko na sunansa kawai ake bugawa, a ja layi. Masu karatu na lokacin sukan cike sunan da alƙalami, kuma wannan rubutun hannu ya fi komai daraja a takardar. Kada a goge shi, kada a yanke gefen da yake.

To, yaya ake gane shekararta?

Nan aikin yake. A fara duba ko mai ita ya rubuta kwanan wata. Narcissus Luttrell, wani mai tara irin waɗannan takardu a lokacin, kan rubuta ranar da ya saya har da farashi. Amma a kula, kafin 1752 shekarar Ingila a hukumance na farawa ne ran 25 ga Maris, don haka Fabrairun 1681 a takarda Fabrairun 1682 ne a lissafinmu. Wannan ya ruɗi masu kundi da yawa.

Sai a ɗaga takardar a haske. Ta tsumma ce, aikin hannu, za a ga layuka a tsaye, kusan inci ɗaya tsakaninsu, wani lokaci da tambarin masana'anta. In babu layukan, da wuya ta girmi 1757. Haruffa masu kauri irin na Jamusawa sun fi yawa kafin 1700.

Hoton da ke saman takardar kuwa ba shaida ba ne. Katakon da aka sassaƙa shi akan yi shekaru ana maimaita shi a waƙoƙi daban-daban.

Me ke lalata ta?

Salatif ne babban maƙiyi: gam ɗinsa na ratsa takarda ya bar tabo ruwan ƙasa. Yagewa ana liƙe ta da siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama, domin ana iya cire shi daga baya. Tawadar alƙalami ta da tana da ƙarfe a ciki, in da laima sai ta cinye takardar har harafi ya zama rami. A kwantar da kowace falle a shimfiɗe cikin jaka marar asid, laimar ɗaki wajen kashi 50 cikin ɗari, hasken baje koli kada ya wuce lukus 50 (ma'aunin ƙarfin haske).