Yadda dakon mai ya koma wuyan direba

Tun bayan gobarar tankar Majiya a jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka sama da 150, da ta mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025, bakin jama'a bai sauka daga kan direbobin manyan motoci ba. Wasu su ce ganganci, wasu su ce ƙwaya. Har an hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 yin lodi daga watan Maris na 2025. Amma wannan ruwa daga nesa ya taso.

Farkon labarin sananne ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shi ke jan gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, aikin mota kuwa ta tattaro kaya daga ƙauyuka zuwa tasha. Dogo ya kai Maiduguri a 1964. Da kuɗin fetur suka shigo a shekarun 1970 aka shimfiɗa kwalta, jirgi ya fara ja da baya, tirela ta gaje kayansa.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne mutuwar bututun mai. An buɗe matatar Kaduna a 1980, bututu na kai mai manyan rumbuna a Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri. A wancan tsarin, direban tanka zai yi lodi a rumbun mai na Hotoro da ke Kano da safe, ya sauke a Katsina ko Haɗeja, ya dawo ya kwana cikin iyalinsa. Daga shekarun 1990 fasa bututu ya yawaita, matatu suka yi ta tsayawa, ƙasa ta koma dogaro da man da ake saukewa a Legas. Nisan da bututu ke ci a ƙarƙashin ƙasa sai ya koma kan taya: kilomita kusan 1,000 zuwa Kano, sama da 1,500 zuwa Maiduguri, ta Ibadan da Ilori da Jebba da Mokwa.

A nan sana'ar ta sauya kama, kuma a ganina a nan ciwon yake. Tafiyar yini ɗaya ta zama ta makonni, da layin jiran lodi a Apapa ta Legas a ciki, inda mutum ke kwana a kan mota ba wurin wanka. Da yawa abin da suke samu ya rataya ne a kan yawan sawu da ragowar kuɗin hanya, don haka barci ya zama asara. Nisa ya sa tankar lita 33,000 ta daina fitar da kuɗinta, aka yi ta ƙara wa tanki ciki, hanya kuwa tana nan yadda take. Buƙatar direbobi ta ninka, sai koyon aiki ya gajarce. Yaron mota da a da zai shekara da shekaru yana wanki da sauya taya kafin maigidansa ya yarda ya matsa da mota ko a cikin tasha, yanzu shi ake miƙa wa sitiyari da tsakar dare idan gyangyaɗi ya ci ƙarfin direba. Wanda ya tsufa a kujerar nan kuma, galibi ba takardar ɗaukar aiki, ba fansho, sai ciwon baya.

Sabuwar matatar da ta fara aiki a Lekki ta Legas a 2024 ita ma a bakin teku take. Man da Arewa za ta sha daga cikinta, ta wannan hanyar ta Mokwa zai biyo, a bayan waɗannan mutanen.